Filin Mota: Birki Kafin Fenti

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ko wanda bai yarda da wannan magana ba, in ya ga Peugeot 404 ko 504 ta fito fes daga wani lungu na unguwar Zariya ta hau kwalta, ba hayaƙi ba tari, sai ya waiwaya ya sake kallo. Irin waɗannan motoci sun yi ƙaranci cikin Maraɗi, amma har yanzu akwai ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da ke riƙe da su don sha'awa, wasu kuwa gado ne daga mahaifi.

Wannan sha'awa ba a nan kaɗai take ba. A Amurka masu irinta suna tattalin Ford Mustang da Pontiac GTO, waɗanda suka fito a 1964, da Dodge Charger ta 1966, motoci masu silinda takwas da aka ƙera don gudu, har tsadar mai ta 1973 ta karya kasuwarsu. A ƙasar Hausa kuwa, ba da gudu ake auna ƙarfin mota ba, da kaya da rairayi da gargada ake auna shi. A nan ne 404 ta 1960 da 504 ta 1968 suka yi suna. Sau huɗu 404 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka tsakanin 1963 da 1968, ƙanwarta kuma ta ci a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa 504 har bayan shekara ta 2000.

To, me ya ƙarar da su? Ba tsufa kaɗai ba ne. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kayan gyara na Faransa suka ninka kuɗi, masu mota suka koma ga na hannu da na jabu, sa'an nan ɗabi'ar lallaɓawa ta zauna daram. Shi ya sa ake ganin mai mota ya kashe dukiya wajen fenti da kujeru da kayan kiɗa, alhali man birki yana ɗiga a ƙarƙashinta. Kyan ɗan maciji ke nan.

Abu na farko shi ne ruwa. Kan injin waɗannan motoci na alminiyom ne, ruwan rijiya ko na famfo zalla kuwa yana cin sa, yana kuma tara dattin da ke toshe lagireto. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tiyo ɗaya da ya tsage ya isa ya ƙone inji tsakanin Maraɗi da Tibiri. Maganin bai da tsada: a wanke lagireto kafin bazara, a zuba ruwan sanyaya inji na kanti, a taɓa kowane tiyo da hannu, wanda ya bushe ko ya kumbura a fid da shi.

Na biyu ƙura. Motar da ke bin hanyoyin gonakin Jiratawa, ko ta sha hazon hunturu, matacin iskarta na son dubawa kowane mako, domin ƙurar da ta wuce shi tana goge cikin inji kamar dutsen niƙa. Haka nan juyen baƙin mai: motar sha'awa ba ta yawan tafiya, amma ko ba ta cika kilomita ba, mai yana lalacewa da zama, kada ya shekara a ciki. Masu tsohuwar 404 kuma su yi hattara da akwatin haƙoran da ke juya tayoyin baya. A yawancinsu akwai haƙori na tagulla da aka tsara shi da mai na musamman, wanda asalinsa man zurman ne, kuma ba a gauraya shi da man giya na yau da kullum. Yaron gareji da bai san wannan ba yana iya kashe a wata guda abin da ya yi shekara hamsin yana aiki.

Na uku, wanda ya fi duka, birki da taya. Man birki yana shan laima, shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Taya kuma tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wanda zai sayi ta hannu ya fara karanta su kafin ya taya. A kan hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina, cikin manyan motoci da babura da amalanke, wanda birkinsa ya ƙi ba ransa kaɗai ya sa cikin haɗari ba.

Bayan an gama da waɗannan ne ake maganar ƙarin zamani, kuma mai amfani shi ne wanda ido ba ya gani. Ana iya cire ƴan ƙarafan nan masu ba buji wuta, waɗanda ke cinyewa kullum, a sa na'urar lantarki a madadinsu, mota ta riƙa tashi da bugu ɗaya. Mai 404 ta farko yana iya sauya dinamo da altanato don batir ya daina mutuwa. Wayoyin da suka bushe a sake su, kowanne da fis ɗinsa, gudun gobara. Abin da aka cire kuwa a adana shi, domin a idon masu saye motar da ke da kayanta na asali ta fi daraja.

Saura abu ɗaya da ba a sayar da shi a kanti. Kanikawan da ke saita kafireto da kunne suna tsufa, yaran yau kuwa sun fi sabawa da Toyota da babur. Mai irin wannan mota ya tsaya kusa in dattijo yana aiki, ya tambaya, ya rubuta ranar kowane gyara cikin littafi, ya kuma jawo ɗansa ya gani. Allah ya kiyaye hanya.