Kurkum Da Tafarnuwa Ba Sa Wanke Ruɓaɓɓiyar Dusa

'Yan'uwana mata, tun da aka cire tallafin mai a 2023 abincin kaji na kanti ya yi tsada, matan aure da yawa a unguwannin Ƙofar Dawanau suka koma haɗa nasu a gida. Sai a aiki yaro Kasuwar Dawanau ya auno masara mai araha, a haɗa da dusa da ƙuli-ƙuli. Wannan dabara ce mai kyau, amma akwai abin lura.

Masara da gyaɗar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, ita kuwa fumfunar tana fitar da wata guba da ake kira afalatoksin. A Ingila aka fara gano ta a 1960, bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu saboda cin tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Gubar nan hanta take kamawa. Kaza ta rame, ta rage ƙwai, 'yan tsaki su yi ta mutuwa. Kuma dafuwa ba ta kashe ta. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu saboda gurɓatacciyar masara.

Yanzu magana ta bazu cewa a barbaɗa kurkum ko tafarnuwa ko habbatus sauda cikin abincin, shi ke nan. To, akwai ƙamshin gaskiya. Masana sun gwada kurkum a kan kaji, sun ga yana rage ɓarnar da gubar ke yi wa hanta. Amma ragewa yake yi kawai, gubar tana nan cikin dusar. Har ma kayan yajin da ba su bushe sosai ba, kamar citta da barkono, su ma sukan yi fumfuna.

Saboda haka riga-kafi ya fi magani. Ki tsince ƙwayar da ta yi kore ko baƙi, kada ki zuba wa kaji. Ki zuba hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba ki girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a sake shanyawa. Buhu kuma a ɗora shi bisa katako, nesa da bango. 'Yammata 'yan makaranta, ku taya iyayenku wannan tsinta.

Araha ba ta ado. Ƙwan da kazar ta saka, ai 'ya'yanmu ne za su ci. Allah ya kai mu mako mai zuwa.