Gina CSI ya fi riƙe ma'aikacinta sauƙi

Duk ɗan ci-rani da ya taɓa turo kuɗin magani daga Aljeriya ko Abijan ya san yadda abin ke ƙarewa: kuɗi sun iso, an ɗauki tsohuwa a amalanke zuwa CSI, sai a tarar ma'aikaci guda ne, shi ke duba mara lafiya, shi ke allurar rigakafi, shi ke karɓar haihuwa. In ya tafi taro a babban garin gunduma, ƙofa a rufe.

Ana yawan cewa Nijar ba ta da ma'aikatan lafiya. Ta ɓangaren likitoci haka ne, ba mu kai likita guda ga mutum 10,000 ba. Amma wannan magana tana ɓoye wani abu. Jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram na yaye likitoci, makarantun lafiya na gwamnati da na kuɗi kuma na fitar da ma'aikatan jinya da ungozomomi kowace shekara. Da yawansu suna nan cikin birni, suna aikin sa-kai shekara da shekaru ba albashi, suna jiran ranar da za a ɗauke su. Ga masu takarda zaune, ga CSI babu mutum.

Tun zamanin Tandja Mamadou aka cika ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani, kuma daga 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar a yi musu magani kyauta. Mutane sun ƙaru a bakin ƙofa, hannuwan da ke aiki ba su ƙaru daidai da su ba. A je kowace CSI ta karkara a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin sauro ke kan ganiyarsa, a ƙirga tabarmi.

Wanda aka tura ƙauyen kuma me zai zaunar da shi? Sau da yawa ba gidan kwana, ba wuta, ɗan abin da ake biyan ɗan kwantaragi ma sai ya yi latti. Ungozoma ta yi aure, mijinta na aiki a birni, ta nemi a mayar da ita kusa da shi. Ni ban ga laifinta ba. Laifin na tsarin da ke tura mutum nesa ya manta da shi ne, ya bar mai hanya a sama ya dawo gari cikin wata shida.

A ɗauki ma'aikata da sunan CSI ɗin da za su zauna, a fifita ƴan yankin da suka san yaren da mutanen. A faɗi shekarun zaman ƙauye a rubuce, wanda ya cika su ya zama na farko wajen ƙarin karatu. Ƙungiyoyin ƴan gari mazauna waje kuwa, kafin ku sake tara kuɗin sabon ɗakin haihuwa, ku tambayi magajin gari ko akwai ungozomar da za ta shige shi, da kuma inda za ta kwana.