Fargaba ba raunin imani ba ce

Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ya kife da jama'a kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Ba a rufa wata ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kora ɗalibai daji. Wasu 'yan matan sai 2023 suka ga gida. To don Allah, wanda ya ga wannan, in gabansa ya faɗi don ya ji ƙarar babur da dare, laifin me ya yi?

Amma ku saurari abin da muke gaya masa. "Kai dai ba ka da tawakkali." "Ragon namiji kawai." Wannan ne ke ƙona mini rai. Mace za ta tsaya a bakin ruwa a Yelwa, tallarta a ka, ƙafa na rawa, ta kasa taka jirgi, mutane na mata dariya. Ta koma gida ta kwana tana maimaita zagin da bakinta: ni ba ni da amfani, ni imanina ne ya yi rauni. Mu muka ɗora mata wannan a kan tsoron da take ɗauke da shi. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya koyar da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Wa ya ba mu izinin tuhumar imanin wani?

Tun shekarun 1960 likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, a Amurka, ya lura cewa maganar da mutum ke yi wa kansa a ɓoye tana rura wutar damuwa, kuma ana iya gyara ta. Gyaran ba yaudarar kai ba ne. Kada matar nan ta bakin ruwa ta ce babu haɗari, akwai shi. Ta kira sunanta, ta lallashi kanta kamar yadda za ta lallashi ƙanwarta: "Kin tsorata, kuma da dalili. Duba jirgin nan, an cika shi fiye da kima? Akwai rigar kariya? Duhu ya yi? In haka ne, jira na gobe." Zuciyar da ke cewa yau sai mutuwa, a tambaye ta hujja.

Sai dai kada hukuma ta laɓe a nan. Lallashin kai ba ya cire kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka datse ruwan a 1968, ba ya korar ɗan bindiga. An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka sanar a farkon 2023. Amma masunci daga Shanga ko Ngaski da fargaba ta hana barci, da wane kuɗin mota zai kai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, can Sakkwato? A kawo mana masu wannan aiki Yauri.