MOTAR LANTARKI: A TANADI HARAWA KAFIN A SAYO DOKI

Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 1 ga mulkin Shugaba Bola Tinubu a shekarar 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, babu hirar da ta fi yawa a tashoshin mota na Agege da Mile 12 da Sabo ta Badun kamar ta tsadar mai. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da labarin motar da ba ta shan mai ya shiga kunnen 'yan Arewa mazauna Kudu, musamman mutanen Kudancin Kaduna waɗanda suka daɗe suna tara taro da sisi don su sayi mota su aika gida, ƙane ko ɗa ya riƙa jigila da ita tsakanin Kafanchan da Kaduna ko Jos. Abin da suke tambaya shi ne, ko ya dace a zuba wannan kuɗi na gumi a kan motar lantarki? Amsar ita ce, motar tana da kyau, amma lokacinta bai yi ba a kan hanyar Kafanchan.

Babu mai musun alherinta. Ba ta da kabireta, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, watau yawancin abubuwan da ke kai direba gareji duk babu su. Lissafin abincinta ma mai sauƙi ne. Daga Kafanchan zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachia wajen kilomita 200 ne. Ƙaramar motar fetur za ta sha kamar lita 18 a wannan tafiya, wanda a farashin ƙarshen 2024 ya kama Naira 18,000 ko fiye. Motar lantarki mai irin girmanta za ta ci kamar yunit 36 na wuta, ko da kuwa an yi lissafi da farashi mafi tsada da aka yanka wa 'yan rukunin farko a watan Afrilu na 2024, watau Naira 225 kowane yunit, kuɗin bai fi Naira 8,100 ba. Direban da zai rage fiye da rabin kuɗin mai a kowane sahu lalle yana da dalilin da zai kasa kunne.

To, amma wannan lissafi ya ginu ne a kan cewa akwai wutar. Sanin kowa ne ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 ta shekara da shekaru tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma rabon Arewa a ciki bai taka kara ya karya ba. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Inugu zuwa Makurɗi ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu. Da a ce motocin tashar Kafanchan na lantarki ne a wannan mako, da ko buhun citta ɗaya bai bar kasuwa ba.

Wani zai ce ai akwai janareta. Ƙaramin janareta na gida ba ya fitar da abin da ya wuce yunit 2 ko 3 daga lita guda ta fetur. Ke nan kafin a tara yunit 36 sai an ƙona lita 12 zuwa 18, injin kuma ya yi ta ruri wajen awa 14 yana hana maƙwabta barci. An gudu ba a tsira ba: man da aka ƙi zuba wa mota an zuba wa janareta, hayaƙin da ya kamata ya watse a dajin Kachia ya dawo tsakar gida inda yara ke kwance.

Mutanen Kafanchan ba sa bukatar wani ya zo daga nesa ya koya musu wannan darasi, domin garinsu kansa shi ne darasin. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal, zuwa 1927 kuwa an haɗa shi da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos don kwasar kuza. Jirgin wancan zamani ba ya motsi sai da kwal da ruwa, shi ya sa Turawan reluwe ba su saki jirgi a kan hanya ba sai da suka tanadi inda zai tsaya ya sha ruwa, ya ɗebi kwal, makanikai su duba shi. A gindin wannan tanadi ne garin ya tsiro, ma'aikata suka taru daga ko'ina cikin Nijeriya, kasuwa ta ci. Ko mai mulkin mallaka, da ba don ƙaunar talaka ya shimfiɗa dogo ba, ya san ba a sayen doki sai an san inda harawa za ta fito.

A yau an juya abin. A watan Nuwamba na 2020 aka yi bikin fito da Hyundai Kona ta lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko, kuɗinta a lokacin ya haura Naira miliyan 20. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sannan a Jami'ar Ikko. Yunƙuri ne abin yabo, sai dai direban da batirinsa ya ƙare a hawan Kagoro ba zai tura motarsa zuwa Sakkwato ba. Ana yawan kafa hujja da Norwe, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, da Habasha wadda ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a wannan shekara. Abin da ba a faɗa shi ne, duka ƙasashen biyu madatsun ruwa suka fara ginawa.

Akwai kuma wani tarko da ya fi kusa da aljihun talaka. Tun da sabuwa ta fi ƙarfinsa, 'yar Kwatano zai nema. Tsohuwar motar fetur, bakanike zai saurari kukan injinta ya faɗi gaskiyarta. Tsohuwar motar lantarki ba ta kuka. Ciwonta yana cikin batir, wanda shi kaɗai yakan kai kusan sulusin kuɗin motar, kuma zafin rana irin na watan Maris yana gaggauta tsufansa. Ranar da ya mutu, abin da ya rage ƙarfe ne mai fenti.

Batun kare muhalli ma yana bukatar a dube shi da idon basira. Gaskiya ne a cunkoson Oshodi ko Ojota, motar da ba ta hayaƙi rahama ce ga huhun ɗan acaba da mai talla. Gaskiya ne kuma ko da yawancin wutar ƙasar nan da iskar gas ake samar da ita, motar da ta sha daga babban layi ta fi ta fetur tsabta. Amma batir daga ƙasa ake tono shi, kuma ƙasar ba nesa take ba. A 2016 wani kamfanin Ostareliya ya ba da sanarwar gano ma'adinin nikel a Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a, kusa da Kafanchan. A maƙwabciyarta Jihar Nasarawa an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a watan Mayu na 2024, a shekarar ne kuma 'yan jarida suka tarar da ƙananan yara suna aiki a ramukan haƙarsa na bayan fage. Duka ma'adinan biyu na batir ne. Wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a ƙasar Jos, ko ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ba zai yarda a tsabtace iskar Turai da Sin da gonar citta da ruwan shan Jema'a ba. Manomin da cutar 2023 ta ƙone masa citta yana cikin halin da zai iya sallama gonarsa a kan kuɗi kaɗan, masu neman ma'adini kuwa sun san haka. Wajibi ne Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Kaduna da sarakunan yankin su tsaya a kan cewa duk wanda zai haƙa rami sai ya ajiye kuɗin cike shi tun kafin ya sa diga.

Inda lantarki zai yi wa direban Kudancin Kaduna rana tun yanzu shi ne a ƙananan ababen hawa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, suna jigila cikin gari, kuma a watan Disamba na 2023 Gwamnatin Borno ta fito da tasi-tasi na lantarki. Sirrin abin shi ne gajeruwar tafiya da hasken rana. Babur ko Keke Napep da ke kai-da-kawo tsakanin Kafanchan da Kagoro, ko Zonkwa, ko Gidan Waya, batirinsa ƙarami ne, farantan rana kaɗan a kan rumfar tasha sun isa su cika shi, ana kuma iya ajiye wanda ya ƙare a ɗauki cikakke cikin minti biyu-uku, kamar yadda aka fara yi wa 'yan acaba a Jihar Ogun a 2024. Wannan aiki bai fi ƙarfin Ƙaramar Hukumar Jema'a da ƙungiyoyin direbobi ba. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia su ma suna da rawar takawa, ta horar da yaran gareji aikin batir, domin wutar da ke cikinsa tana kisa idan aka taɓa ta da jahilci.

Shi kuwa wanda ya riga ya tara kuɗinsa a Ikko ko Fatakwal ko Anaca, kafin ya miƙa wa dillali ko kwabo, ya tambaye shi a ina za a yi cajin motar a Kafanchan, nawa ne sabon batir, wa ke sayar da shi, kuma wane bakanike ne tsakanin Kwoi da Manchok ya taɓa buɗe irinta. Idan dillali ya fara kame-kame, ya mayar da kuɗinsa aljihu.