Kutse a gidajen kula da tsofaffi: ɓarawo ta ƙofar ɗan kwangila yake shiga

A watan Maris na 2025 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya, ICO, ta ci kamfanin Advanced tarar fam miliyan 3 da dubu 70, sama da miliyar 2 na kuɗin sefa. Kamfanin shi ke sayar wa asibitoci da gidajen kula da tsofaffi manhajojin aiki, yana kuma ajiye musu bayanai. A watan Agusta na 2022 masu kutse suka shiga kwamfutocinsa suka kwashe bayanan mutum 79,404. A ciki har da bayanin yadda ake shiga gidajen mutum 890 da ma'aikatan jinya ke zuwa dubawa har gida.

Wannan adadi na 890 ya fi tarar tada hankali. Wanda aka sace masa lambar katin banki yana iya toshe ta a sake masa wata. Tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, wadda aka san adireshinta da yadda ake buɗe ƙofarta, ba ta da irin wannan mafita cikin sauƙi.

A Turai da Amurka tsofaffi da dama na ƙarasa rayuwarsu a gidaje na musamman, waɗanda a Faransa ake kira EHPAD. Kundin kowane tsoho na ɗauke da cututtukansa, magungunan da yake sha da lokutan shansu, lambobin ƴan uwansa, da hanyar da ake biya masa kuɗi. Irin wannan kundi ya ishi ɗan damfara ya kira ɗa ko jika da sunan gidan, ya faɗi sunan maganin daidai, ya nemi a turo kuɗi cikin gaggawa. Da yawa daga mazauna gidajen kuma ruɗewar tsufa ta kama su, ba za su lura an taɓa musu asusu ba.

Haɗari na biyu shi ne tsayawar aiki. A watan Nuwamba na 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin kamfanin VCPI na jihar Wisconsin ta Amurka, wanda ke riƙe da bayanan gidajen kula da tsofaffi kimanin 110. Suka nemi fansar dala miliyan 14. Wasu gidajen suka kasa buɗe kundin marasa lafiyarsu, wasu suka kasa yin odar magani. A Birtaniya ma, bayan harin 2022, ma'aikata sun koma ga takarda da biro na makonni, har layin wayar neman taimakon likita na 111 ya samu tangarɗa.

Abin da ya haɗa hare-haren biyu a fili yake. Ɓarayin ba su bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ba. Sun fasa kamfani guda da gidajen suka danƙa wa amanar bayanansu. Ƙaramin gidan tsofaffi ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararren kwamfuta, saboda haka yake ba da kwangila. Hakan na rage masa tsada, amma yana tara hatsin gari duka a rumbu ɗaya.

Binciken ICO ya nuna cewa ɓarayin sun shiga Advanced ne ta asusun wani abokin hulɗa da ba a sa masa mabuɗi na biyu ba, wato lambar da ake aiko wa mutum ta waya bayan ya rubuta kalmar sirrinsa. Kamfanin ya sa wannan kariya a wurare da yawa, ya bar wasu a buɗe. Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukumomi sun fara bin ƴan kwangilar kai tsaye. A Faransa, hukumar CNIL ta ci kamfanin Dedalus Biologie tarar yuro miliyan 1 da rabi a watan Afrilu na 2022, bayan bayanan gwajin mutum kusan 500,000 sun bazu a intanet, har da na masu ɗauke da ƙwayar cutar sida. Dokar Tarayyar Turai ta RGPD, da ta fara aiki a Mayu 2018, ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan an gano ɓarna. Sai dai tara ba ta dawo da sirrin da ya riga ya fita, kuma biyan fansa ba ya tabbatar da cewa ɓarawo ya goge abin da ya kwafa.

Matakan da ƙwararru suka fi nanatawa ba su da tsada: mabuɗi na biyu a kowane asusu, toshe asusun ma'aikacin da ya bar aiki tun ranar da ya tafi, ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da intanet, da buga jerin magungunan kowane tsoho a takarda don ranar da kwamfuta ta mutu. Sai kuma a rubuta cikin kwangila wa ke da alhakin me.

A Nijar tsofaffi a cikin iyalansu suke, amma asibitoci masu zaman kansu, ɗakunan gwajin jini da gidajen marayu na tara irin waɗannan bayanai, wani lokaci a wayar ma'aikaci ko a WhatsApp. Ƙasar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, an kuma kafa hukumar HAPDP a Yamai don sa ido a kanta. Duk wanda zai miƙa takardun mahaifiyarsa a Maraɗi ko Damagaram yana da haƙƙin tambayar inda za a ajiye su, da wanda zai iya buɗe su.