FILIN SANA'A: Kai shi ne tiyar mai zane

Wanda ya san Yamai kafin shekarar 2012 ya san Ƙaramar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, a takarda kuma Petit Marché. Kasuwa ce ta kayan miya da nama da kifi. A shekarar nan gobara ta cinye ta, amma har yanzu da sunanta ake kiran wurin. A can, kamar a kasuwar kowane ƙauye, ba a awon hatsi da ka. Akwai tiya. To, mai zanen mutum shi ma yana da tiyarsa.

A bakin hanyoyin unguwar ana ganin allunan masu aski da na teloli, da hoton mutum an yi shi da fenti. Wani allon yana kiran ciniki. Wani kuwa dariya yake ba mutane, don hannun mutumin ya sauko har gwiwa kamar na biri. Ba fenti ne ya gaza ba, awo ne babu.

Ga yadda awon yake. A fara zana kai. A samu tsinke, a karya shi daidai da tsawon kan, daga tsakar ka zuwa haɓa. Wannan tsinke shi ne tiya. Tsawon babban mutum, daga kai har tafin ƙafa, tsinke 7 ne da rabi, ko kusa da haka. Rabin tsawon yana faɗawa a gindin cinya, inda ƙafafu suka rabu. Nan masu koyo suka fi yin kure: su ja gangar jiki da tsawo, ƙafafu su fito gajeru.

Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu. In an saki hannu, ƴan yatsu suna tsayawa a tsakiyar cinya. In mutum ya buɗe hannuwansa biyu, faɗinsu ya yi kusan tsawonsa. Idanu kuma a tsakiyar kai suke, ba can sama wajen gashi ba. Wanda bai yarda ba ya auna ɗan'uwansa da igiya, ya gani.

Yaro dabam ne. Jariri kai 4 ne kawai, don kansa babba ne bisa ga jikinsa. Yana girma, ƙafafu suna ƙara tsawo, lissafin yana hawa.

Wannan ba wasan yara ba ne. Wanda bai gama koyon baƙi ba, hoto yake fara karantawa. A ce an manna takarda a gidan likita don a nuna yaro mai lafiya. In mai zane ya ba shi kai 7, iyaye mata za su ga ɗan ƙaramin dattijo. In ya cika girman kai da ciki, ya sirance ƙafafu, za su ce tamowa ce. Saƙo ya juye ke nan. Makiyayi ya fi kowa tsanani a nan. Da kallo ɗaya yake raba saniyar Azawak da ta Bororo. In takardar allurar shanu ta zo da saniya mai ƙafafun jaki, dariya zai yi, ya kora garkensa ya wuce.

Sai zanen ban dariya. A nan ana karya awo, amma da gangan. Ana ba mutum kai 3 ko 4, don fuska ta fito sosai, a ga fushi ko tsoro tun daga nesa. Sharaɗin ɗaya ne: awon da aka zaɓa a hoton farko, shi za a riƙe har na ƙarshe. In ba haka ba, mai kallo zai zaci wani mutum ne ya shigo labarin.

Nijar ta yi gwani a wannan aiki, Mustafa Alasan. An haife shi a 1942, ya rasu a 2015. Makanike ne da farko, zane kuwa da kansa ya koya, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani. A 1966 ya yi silimar zane mai suna Bon Voyage Sim. Labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyara wata ƙasa. Kwaɗin suna tafiya da ƙafa biyu, suna fareti kamar soja. Silima tana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka kwaɗo guda sai an sake zana shi sau da yawa. Da kan Sim yana kumbura a wani hoto, yana motsewa a wani, da ba wanda zai gane shi. A 2024 aka sa sunan Mustafa Alasan ga gidan al'adu da ke gaban gidan tarihi na Bubu Hama, ba nisa da Ƙaramar Kasuwa.

Mai son koyo ba ya bukatar takarda tun farko. Rairayi ya isa, ko allo da gawayi. A ja layi tsaye, a yanka shi gida 7 da rabi da tsinken. A sa kai a gidan sama. A ja ƙasusuwa da layi siriri, a sa ɗigo a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa. Sai an ga mutumin ya tsaya da kyau, sannan a sa masa nama. Riga da rawani su ne na ƙarshe, don babbar riga tana ɓoye kuren mai koyo har shi kansa ya kasa ganinsa.