Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar SON kan batiran waya na jabu a Yola da Jimeta

Ranka ya daɗe,

Ni malamin makaranta ne, mazaunin Yola ta ɓangaren tafkin Njuwa. Na rubuto ne a kan batirin wayar salula da cajarta, kayan da ake sayar mana a kasuwa ba tare da mun san wanda ya duba su ba, alhali muna kwana da su a gefen kanmu, mu da 'ya'yanmu.

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Yola ya san abin da ake kira zafi. A watan Maris da Afrilu ma'auni kan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kamfanin Apple da kansa ya faɗa wa masu wayarsa cewa an yi ta ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Ke nan ko batiri mai kyau yana shan wahala a garinmu: a aljihun mai dako, a gaban Keke Napep rana na dukansa, a kan tebur a rumfar kasuwa. To ina ga na jabu?

Wayar 'yata ce ta daina riƙe caji, na kai ta wurin wani mai gyara a Jimeta. Ya ɗauko batiri cikin kwali mai sheƙi, da tambarin kamfanin wayar a jiki, ya rantse mini cewa orijinal ne, kuma kuɗin orijinal na biya. Ba a jima ba yarinyar ta ce wayar na ƙona mata hannu in tana caji. Na koma masa, ya juya ta, ya taɓa bayanta, ya ce, "Malam, zafin gari ne, duk wayoyi haka suke yi a bazara." Wani dare aka kawo wuta bayan kowa ya kwanta, ta jona wayar kamar yadda kowa ke yi a gidajenmu, don ba wanda ya san lokacin da za a sake ɗaukewa. Mahaifiyarta ce ta fara jin wari mai shaƙe maƙogwaro. Kafin ta isa ɗakin, farin hayaƙi ya turnuƙe, wayar na huci tana tartsatsi, gefen katifa ya kama, gidan sauro ya narke ya manne wa yarinyar a dantse. Ƙannenta biyu na kwance a ɗakin. Allah ne Ya tsare, da maƙwabta da suka fito da bokiti cikin dare. Har yau tabon na nan a hannunta, kuma har yau ba ta yarda a jona waya a ɗakin da take kwana.

Washegari na kai wa mai gyaran gawar wayar, ta lanƙwashe, ta yi baƙi ƙirin. Ya jajanta mini, sannan ya ce, "Kayan wuta ba su da garanti, sai dai Allah Ya kiyaye gaba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Da na matsa masa, sai ya jawo katon daga ƙarƙashin tebur ya nuna mini: batira ne jibge, iri ɗaya, kwali ɗaya, ya saro su ne daga wani dila, dilan ma daga wani. Babu rasit, babu adireshin wanda ya shigo da su ƙasar. Ya ce shi ma ba ya iya bambancewa sai an dawo masa da ƙorafi. Ban wanke shi ba, domin wanda bai san abu ba bai kamata ya rantse a kansa ba. Sai dai maganarsa ta tsaya mini a rai. In mai saye ba ya ganewa, mai sayarwa ma ba ya ganewa, wa ya rage? Hukumarku ce ta rage, ranka ya daɗe. Tun 1971 aka kafa ta don tantance ingancin kaya, kuma kuna da tsarin SONCAP na duba kayan da ake shigowa da su daga waje. Ta wace ƙofa wancan katon ya bi har ya iso ƙarƙashin tebur a Jimeta?

Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya yi mini bayanin abin da ya faru a ɗakin 'yata. A cikin batirin litiyam akwai fallaye sirara da aka naɗe, da wata 'yar fata mai raba su da ba ta kai kaurin takarda ba, da ruwan sinadari mai kama wuta. In wannan fata ta huje, ko don zafi, ko don mugun haɗi, ko don an danne batirin, sai fallayen su haɗu, zafi ya haifi zafi, cikin daƙiƙoƙi ya gagari kowa. Kumburin da muke gani har murfin waya ya ɗaga, iska ce da sinadarin ya fitar bayan ya fara lalacewa. Batiri na gaskiya yana da ɗan allo a bakinsa mai yanke caji in ya cika ko ya yi zafi, kuma a nan masu jabu suke rage kuɗi, su buga lambar ƙarfi ta ƙarya a jiki. Haka caja mai araha da ake tallarta a tasha, haka fawa bank marar suna.

Manyan kamfanoni ma sun yi kuskure, amma an kama su. A 2007 Nokia ta yi shelar musanya batiran BL-5C miliyan 46 saboda suna zafi wajen caji, kuma wannan batiri ne da kusan kowane gida a Arewa ya sani. A 2016 Samsung ta janye Galaxy Note 7 kimanin miliyan biyu da rabi, daga baya ta daina yin ta gaba ɗaya, Amurka kuma ta hana shiga jirgi da ita. Waɗannan suna da suna, suna da adireshi, akwai hukumomin da suka tsaya a kansu. Batirin da ya ƙona 'yata ba shi da uba. Ba wanda zai janye shi, 'yan uwansa kuma suna nan a aljihun mutane daga Doubeli har Jambutu.

Akwai kuma shagunan caji. Ba na zarginsu, domin rashin wuta ne ya haife su, kuma samari da yawa da su suke cin abinci. Amma a leƙa ɗaya da azahar: allon katako cike da soket, wayoyi sun kai hamsin kan juna, fawa bank a tsakiya, rufin kwano a sama, janareto na ruri a bakin ƙofa da galan ɗin fetur a gefensa. Waya ɗaya mai kumburarren batiri ta isa, kuma yawancinsu a cikin kasuwa suke, jikin rumfunan atamfa da katifu.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabuwar doka. Jami'anku su shiga Babbar Kasuwar Jimeta da kasuwar Yola kafin bazara, su sayi batira da caja kamar kowane mai saye, a gwada, a faɗa wa jama'a sunan waɗanda suka faɗi. A bi katon har zuwa ga wanda ya shigo da shi, kada a tsaya kan yaron rumfa, don shi ne kullum ake kamawa a ɗauki hoto, dila kuma ya ci gaba da harkarsa. A zauna da shugabannin masu gyaran waya a wajabta rasit mai sunan shago da irin batirin da aka sa. Na san a cikinsu akwai masu tsoron Allah da za su yi murna da hakan, domin jabu na ɓata musu suna.

Sannan a yi magana da mutane da Hausa da Fulfulde, a gidan rediyon ABC Yola, da Gotel, da Fombina. A ce kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin filo, kada a bar waya a mota cikin rana, kuma batirin da ya kumbura a daina jona shi, kada a danne shi ko a huda shi, a ajiye shi kan yashi nesa da kaya. A kuma samar mana wurin kai matattun batira. Yanzu bola ake jefa su, a cinna wa bolar wuta, yara na tsince-tsince a gefe, abin da ya saura ruwan damina ya kwashe shi zuwa Binuwai.

Wani lokaci nakan ce wannan wasiƙa za ta bi sahun sauran koke-koken talaka, a karanta a ajiye. Mu a nan mun saba a tuna da mu bayan gobara, a zo jaje, a yi alkawari. Wani lokaci kuma nakan tuna yadda NAFDAC a zamanin Farfesa Dora Akunyili ta sa har tsohuwa a ƙauye ta koyi neman lamba a jikin kwalin magani, sai in ce ashe abin mai yiwuwa ne in an sa kai. Ina roƙon a fara da Yola da Jimeta, tunda zafinmu ya fi na yawancin garuruwan ƙasar nan, kuma a fara kafin watan Maris.

Allah Ya ba da ikon sauke nauyi.

Naka,
Wani uba daga Yola, Jihar Adamawa